Sharhi: Me ke kayar da tsofaffin ƙananan jiragen sama?

Da zarar an ji labarin ƙaramin jirgi ya faɗi, abin da jama'a ke fara tambaya shi ne shekarunsa. In aka ce an ƙera shi tun 1960 da wani abu, shi ke nan an yanke hukunci: tsohon ƙarfe ne, dama me ake jira? Amma rahotannin hukumomin binciken haɗurran jirage a Amurka, Birtaniya, Ostireliya da Switzalan suna nuna wani abu daban. In aka bi diddigi, yawanci sai a tarar da hannun ɗan Adam a ciki: ko matuƙi ya yi ganganci, ko makanike ya yi kwaskwarima inda ake buƙatar gyara na gaske, ko hukuma ta kau da kai.

Tsofaffin jiragen nan fa ba kaɗan ba ne. Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, an ƙera fiye da 44,000, kuma da yawa daga cikin na farkon suna tashi har gobe. A Amurka, matsakaicin shekarun ƙananan jirage masu inji ɗaya ya haura 40. Dalili kuwa kuɗi ne, don sabo yana cin dubban ɗaruruwan daloli. Dokar can ba ta yanke wa irin waɗannan jirage shekarun ritaya ba. Abin da ta wajabta shi ne cikakken bincike duk shekara, wanda ake haya da shi kuma a duba shi duk bayan tashin awa 100.

Gangancin matuƙi

Hukumar bincike ta Amurka, NTSB, ta daɗe tana cewa babban abin da ke kashe mutane a ƙananan jirage shi ne jirgi ya ƙwace wa matuƙi a sama. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bi ta kansa yadda ya kamata. In gudu ya ragu da yawa, ko aka karya kwana da ƙarfi, sai iskar ta saki fiffiken, jirgi ya sulmiyo. Wanda yake can sama yana da sararin gyarawa. Wanda yake kusa da ƙasa kuwa ba shi da shi.

Abin da ya faru ke nan a Switzalan ranar 4 ga Agusta 2018. Wani jirgin yawon buɗe ido samfurin Junkers Ju-52, ƙirar 1939, wanda ya ɗan fi sauran girma, ya faɗi kusa da dutsen Piz Segnas, mutum 20 da ke ciki duk suka mutu. Kowa ya zaci tsufa ne, kuma masu bincike sun ga tsatsa a jikinsa. Amma rahotonsu na 2021 ya ɗora laifin a kan matuƙan biyu, waɗanda suka kutsa cikin wani matsattsen kwari ƙasa-ƙasa, da ƙarancin gudu, ba tare da barin wurin juyawa ba. Da iskar duwatsu ta buge su, sai jirgin ya ƙwace. Abin mamaki, dukkansu tsofaffin hannu ne da suka tuƙa jiragen soja da na fasinja shekara da shekaru. Sabo ne ya sa suka raina haɗarin.

Dare da gajimare su ma suna cin rayuka. Matuƙin da aka horar ya tuƙa da ganin ido kawai, in ya shiga duhu ko hadari, jikinsa na iya yaudararsa, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkace.

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da Emiliano Sala ba, ɗan Ajantina da Cardiff City ta saya daga Nantes kan fam miliyan 15. A daren 21 ga Janairu 2019 jirgin da ya ɗauko shi, Piper Malibu ƙirar 1984, ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Hukumar bincike ta Birtaniya, AAIB, ta gano cewa matuƙin, David Ibbotson, ba shi da izinin tuƙi da dare, kuma lasisinsa bai ba shi damar ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Yana ƙoƙarin kauce wa mummunan yanayi ne jirgin ya ƙwace masa, ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa, ya ɓalle tun a sama. A 2021 kotu ta ɗaure David Henderson, wanda ya shirya tafiyar, wata 18.

Gubar da ba ta da wari

Akwai wani abu kuma a haɗarin Sala. Da aka gwada jininsa, an tarar gubar kabon monoksaid ta kai kashi 58 cikin ɗari, adadin da ke iya sumar da mutum. Masu bincike sun ce da wuya a ce matuƙin bai shaƙa ba. Iskar nan ita ce dai wadda ke kashe iyali guda in an kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. A ƙananan jirage da yawa, zafin salansa ake amfani da shi wajen ɗumama ɗakin matuƙi, don haka in salansa ta tsage, hayaƙi na iya samun hanyar shiga.

Haka aka yi a Ostireliya ranar 31 ga Disamba 2017, lokacin da wani jirgi mai sauka kan ruwa, de Havilland Beaver ƙirar 1963, ya faɗi a arewacin Sidni, matuƙi da fasinjoji biyar 'yan Birtaniya suka mutu. Bincike ya gano tsaga a bututun hayaƙi, sannan wasu kusoshi sun ɓace daga bangon ƙarfen da ya raba inji da mutane. Ta 'yan ramukan nan gubar ta shiga ta rikita matuƙin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na'urar da ke yin ƙara in ta ji wannan iska kuwa, kuɗinta bai kai na wayar hannu mai kyau ba.

In inji ya mutu

Jirgi mai inji ɗaya ba shi da mataimaki. Ranar 5 ga Maris 2015 ɗan wasan fim Harrison Ford ya tashi daga Santa Monika a Kalifoniya cikin wani jirgin horar da sojoji na 1942. Jim kaɗan injin ya mutu, ya sauko da shi a filin wasan golf, ya tsira da karaya. NTSB ta gano cewa wani ɗan ƙarfe mai daidaita mai a cikin kafireto ne ya kwance. Abu ne da zai ɓace a tafin hannu.

Sauran matsalolin inji sun fi wannan yawa, kuma duk ana iya kauce musu. Akwai ƙarewar mai saboda kuskuren lissafi ko dogaro da tsohon ma'auni. Akwai ruwa a tanki, musamman in jirgi ya daɗe a ajiye, shi ya sa ake tsiyayo mai kaɗan a duba kafin kowane tashi. Akwai kuma ƙanƙara a cikin kafireto. Wannan zai ba mutum mamaki, amma yayin da mai ke zama tururi a ciki, sanyi na sauka sosai, har ƙanƙara ta toshe hanyar iska ko da zafin waje ya haura digiri 25, muddin akwai laima. Matuƙi yana da abin da zai ja ya tura iska mai ɗumi ta narkar da ita, in ya tuna da wuri.

Inda tsufa ke da hannu

Wannan ba ya nufin shekaru ba su da tasiri. Ƙarfe yana gajiya. Kowane tashi da sauka yana lanƙwasa fiffike kaɗan, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. Ranar 19 ga Disamba 2005 wani jirgin kamfanin Chalk's, Grumman Mallard ƙirar 1947, ya tashi daga Miyami, sai fiffikensa na dama ya cire, mutum 20 suka mutu. Amma ko a nan, jirgin ya daɗe yana ba da alama. Mai yana ta ɗiga daga fiffiken, ana ta liƙewa, ba a bi an gano tsagar da ke ciki ba. NTSB ta zargi tsarin gyaran kamfanin, ta kuma zargi hukumar kula da jirage, FAA, da rashin sa ido.

Darasin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwanmu da jiragen Turawa. To, irin waɗannan jirage na hannu su ne ake sayowa a kawo Afirka don horar da matuƙa, feshin gona da shata. Yaranmu masu buga ƙwallo a Turai, da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, suna hawansu in sauri ya kama. Ga kuma yanayinmu: hazon hunturu yana rufe gani, zafin bazara yana rage wa inji da fiffike ƙarfi, ƙura da laima suna cin ƙarfe.

Saboda haka duk wanda aka ce ga ƙaramin jirgi zai kai shi, akwai tambayoyin da suka fi ta shekarun jirgin amfani. Kamfanin yana da takardar izinin ɗaukar fasinja don kuɗi? Matuƙin yana da izinin tuƙi da dare ko cikin hazo? Yaushe aka yi wa jirgin bincike na ƙarshe? Akwai na'urar jin gubar hayaƙi a ciki? In aka fara kame-kame wajen amsa, gara a haƙura a bi mota ko a jira jirgin fasinja. Su ma hukumomin jiragen sama na ƙasashenmu, aikinsu ne su riƙa shiga garejin gyara suna duba littafin kowane jirgi da idonsu, tun kafin a kira su wajen tattara tarkace.