Raddi a kan Fassarar Kalmar Gandu

Wata takarda ta zo hannuna cikin watan jiya, wadda wani malami daga cikin 'yan'uwanmu na Funtua ya rubuta domin shiryar da samarin da ke fita ƙauyuka suna yi wa manoma tambayoyi da Hausa, su komo su cike takardu da Turanci. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda mutum ne mai ilimi da kyakkyawar niyya, ni kuwa da ra'ayinsa nake magana. Abin da ya kafa a cikinta shi ne, kowace kalmar Hausa tana da takwararta guda ɗaya a Turanci, wadda ƙamus ya riga ya tanada, kuma duk tafintan da ya tsaya yana jujjuya kalma yana neman wadda ta fi dacewa, to ƙarancin saninsa ne ya tsayar da shi. Misalin da ya buga kuwa shi ne gandu, ya ce a rubuta "farm" a wuce, in an so ƙawa a ce "family farm". Da a kan wata kalma ya yi wannan hukunci da na kame bakina, amma gandu shi ne ginshiƙin zaman mutanen wannan yanki tun daga Maska har Malumfashi, a cikinsa aka haife ni, saboda haka ya wajaba in bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsa ta farko ita ce ƙamus. Na yi mamakin wannan daga mutumin da ya zauna gaban malamai a zaure, domin almajirin da bai yi nisa a usulu ba ma ya san abin da ake kira lafazi mushtaraki, wato lafazi ɗaya mai ɗauke da ma'anoni da yawa, wanda ba a sanin abin da ake nufi da shi sai da ƙarina. Larabawa suna kiran ido "ainu", suna kiran idon ruwa da shi, suna kiran ɗan leƙen asiri da shi, suna kiran zinariya da shi. Kalma ɗaya a ayar idda cikin Suratul Baƙara ta raba manyan malamai, Malikawa suka ɗauke ta a kan tsarki, Hanafawa suka ɗauke ta a kan haila, ba kuwa wanda ya ce da ɗayansu bai iya Larabci ba. To gandu ma haka yake. Akwai gandun sarki, wato babbar gonar sarauta wadda a da bayi da talakawa suke nomawa, wadda sunanta ya wanzu a wurare irin su Gandun Albasa na Kano. Wannan in ka ce masa "estate" ba ka yi nisa da gaskiya ba. Akwai gandun daji, wanda ya samu a zamanin Turawa, shi kam daga Turancin ma aka ɗauko ma'anarsa, mayar da shi "forest reserve" ba wuya. Sa'an nan akwai gandun gida, wanda shi ne abin da manomin Bakori yake nufi in ya ce da kai ɗansa yana gandu, ko kuwa ya ce wane ya fita gandu. Ta yaya mutum zai fita daga gona alhali kullum da safe ana ganinsa a gona? Ƙamus na Bargery da ya fito a 1934, da na Abraham na 1949, duk wanda ya buɗe su ya san yadda suke jera wa kalma guda ma'anoni, su bar wa mai karatu zaɓi. Ashe ƙamus shaida ne a kan malam, ba shaidarsa ba ne.

Bari in tsaya a kan wannan ma'ana ta uku, domin a nan ne maganar take. Gandu alkawari ne tsakanin uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, ko tsakanin wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, wanda ba a rubuta shi a takarda amma kowa ya san sharuɗɗansa. 'Ya'ya suna ba da ƙarfinsu a gonakin uba tun da safe har azahar, a ranakun da aka yi al'ada. Uba kuma yana ci da su daga rumbunsa, da su da matansu da 'ya'yansu, ya ba su garma da fartanya da iri, ya yi musu auren fari, ya yanka ragon suna, kuma a da shi ke biya musu haraji, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi tare da jangali a 1979, lokacin da Funtua ke cikin Jihar Kaduna. Bayan wannan kuma uba yana yanka wa kowane ɗa gayauna, wadda yake nomawa da yamma da ranakun da ba na gandu ba, abin da ya samu a ciki nasa ne, ko ya sayar ko ya ɓoye ba mai tambayarsa. A gidajen Maguzawa na ƙasar Malumfashi mata ma suna shiga gandu, suna kuma da nasu gayauni. Wanda duk ya dubi wannan da idon basira zai ga ƙasa ɗaya ce kawai daga cikin rukunan gandu. Sauran rukunan su ne aiki, da ciyarwa, da biyayya, da haƙƙin da ke kan babba. Kalmar da malam ya zaɓa ta ɗauki rukuni ɗaya ta zubar da huɗu.

Hujjarsa ta biyu ita ce takardar tambayoyi ba ta da fili, gurbi ɗaya kalma ɗaya. Wannan uzuri ne na gaske, na kuma san zafinsa, domin na riƙe irin waɗannan takardu a hannuna. Wata shekara na raka wani yaro mai ƙidaya zuwa wani ƙauye a hanyar Ƙanƙara, muka sami wani dattijo a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Yaron ya tambaye shi gonakinsa nawa, ya ce gandu uku, aka rubuta uku. Aka tambaye shi 'yan ƙwadago nawa ke yi masa aiki, sai fuskarsa ta sauya, ya ce, “Yaro, ni 'ya'yana ke yi mini noma.” Aka rubuta babu. Da muka tashi, takardar tana cewa ga tsoho guda yana noma gonaki uku shi kaɗai, alhali magidanta huɗu ne ke duƙe a cikinsu, kowannensu da gayaunarsa ta auduga ko barkono wadda ba ta shiga lissafi ba, tun da ba a tambaye ta ba. Ba wanda ya yi ƙarya a wannan zama, amma abin da aka rubuta ba gaskiya ba ne. In kuwa da irin wannan takarda za a raba taki ko a ba da rance, to an zalunci mutum huɗu saboda tsimin tawada. Ƙawar "family farm" ma ba ta tsirar da mu ba, domin Bature in ya ji ta zai zaci ƙasar ta iyali ce baki ɗaya, alhali gonakin gandu mulkin uba ne, yana iya sayarwa, in ya rasu kuma a raba su gado bisa shari'a, har 'ya'ya mata da ba su taɓa riƙe fartanya a ciki ba su sami rabonsu. Gurbin da ya ƙi ɗaukar gaskiya shi ya kamata a faɗaɗa.

Ta uku, ya ce Turawa masana sun riga sun gama wannan aiki, mu wane ne da za mu tayar da shi. Da malam ya duba littattafansu da ya ga akasin abin da ya jingina musu. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta a kan zaman karkarar Hausa ya fito a 1972, kuma ita da aka haifa cikin Turanci ta bar kalmar gandu yadda take, ta ware mata babi tana bayaninta. David Norman, wanda ya yi bincike daga Samaru a ƙauyukan Zariya cikin shekarun 1960, ya raba gidajen manoma gida biyu, na gandu da na iyali, da sunayensu na Hausa. Paul Clough ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, yake yaɗa masara da takin zamani a wannan yanki. Littafinsa na 2014 cike yake da kalmominmu na noma da bashi da ciniki. Waɗannan mutane ba Turanci ne ya gagare su ba, amanar ilimi ce ta hana su dora wa ma'ana lafazin da bai kai ta ba. Malamanmu ma haka suka yi, ba su fassara salla da zakka ba, suka shigo da su Hausa da isɗilahinsu. Kuma Shehu Abubakar Gumi da ya gama aikinsa a kan Alƙur'ani, tarjamar ma'anoni ya kira shi.

Kada a fahimce ni cewa ina hana neman kalma. Nemanta nake kira a yi, shi kuwa malam yana hanawa. Ɗauki jingina: da yawa daga samarinmu "mortgage" suke rubutawa, saboda ita suka ji a banki, alhali a can mai gona yana ci gaba da noma abinsa yana biya da kaɗan-kaɗan, a jingina kuwa mai kuɗi ne ke karɓar gonar ya noma ta har ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya yi haƙuri ya bincika zai tarar Turanci yana da "pledge", wadda ta fi kusa ƙwarai, amma ba ya isa gare ta sai ya fara tambayar wa ke riƙe da gonar a daminar bana. Haka aro, da haya, da jinga, da gayya, da falle, kowace sai an san yadda mutanen wurin suke yin ta kafin a nemo mata suna, domin urfi yana da hukunci a kan lafazi, kamar yadda malaman fiƙihu suke ɗaukar rantsuwar mutum a kan abin da mutanen garinsa suka saba nufi da kalmar.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce gandu yana mutuwa, bai cancanci wannan wahala ba. Na yarda ya yi rauni. Gonaki sun tsattsage da gado, samari sun tafi Kaduna da Abuja neman kuɗi, rashin tsaro ya raba mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da gonakinsu na nesa, kuma ɗan da ya sami babur ba ya jiran uba ya yi masa aure. Amma har gobe alƙalai suna zama a kan ƙarar ɗan da ya yi shekara ashirin yana gandu, uba ya rasu, ƙanen ɗan da ya tafi birni tun yana yaro ya dawo neman rabo daidai da nasa. Kuma in shari'ar ta hau zuwa kotun da ke rubutu da Turanci, abin da tafinta ya sa a madadin gandu shi mai hukunci zai karanta. Saboda haka abin da nake roƙon malam, Allah ya ƙara masa sani, shi ne ya gyara shafin gandu kafin a sake buga takardar: ya bar gandu da sunansa, ya bi shi da jimla ɗaya ta Turanci mai cewa aikin 'ya'ya ne a gonar uba a bakin ci da sha da aure, sa'an nan ya ƙara gurbi biyu a ƙasa, ɗaya na yawan magidantan da ke cikin gandun, ɗaya na gayaunin da kowannensu yake nomawa.