MU LEƘA DUNIYA: Sunan Kaka Ya Ƙi Ɓacewa A Punjab

Wannan mako za mu leƙa Punjab, ƙasar noma wadda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947.

A shekarar 1699, a garin Anandpur, shugaban addinin Sikh na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa jama'ar da ake kira Khalsa. Mutum biyar ɗin da suka fara amsa kiransa ba asalinsu ɗaya ba: akwai manomi, akwai wanzami, akwai ɗan garuwa. Tun daga nan al'ada ta kafu cewa namiji ya ɗauki suna Singh, watau zaki, mace kuwa Kaur, wadda ake fassarawa gimbiya. Manufa ita ce kada suna ya tona asalin mutum, balle a fifita shi ko a wulakanta shi.

To, amma hali zanen dutse. Jatt, manoma masu filaye waɗanda suka fi kowane rukuni yawa cikin Sikhawa, ba su yar da sunayen zuriyarsu ba, irin su Sidhu da Sandhu da Gill da Dhillon da Mann. Me ya sa?

Na farko aure. Bisa al'ada, Jatt mabiya addinin Sikh ba su aure cikin zuriyarsu, saboda haka tilas a san sunan kaka kafin a yi baiko. Na biyu ƙasa. A 1900 Turawan Ingila suka kafa doka wadda ta taƙaita sayar da gonaki ga wanda ba ya cikin kabilun da aka rubuta manoma ne. Nan take asali ya zama dukiya. Na uku kuwa takarda: in akawu ya sami Singh ɗari cikin rajista guda, ta yaya zai bambance su?

Waɗansu sun nemi mafita ta ɗaukar sunan ƙauyensu, kamar yadda aka san Alhaji Shehu Shagari da sunan garinsu. Parkash Singh Badal, wanda ya shugabanci gwamnatin jihar Punjab ta Indiya har sau biyar, ya rasu a 2023, zuriyarsa Dhillon ce, Badal kuwa ƙauyensu ne.

Abin mamaki, sunayen nan ba su san iyaka ba. Akwai Bajwa Sikhawa a Indiya, akwai Bajwa Musulmi a Pakistan, cikinsu har da Janar Qamar Javed Bajwa, hafsan sojan ƙasa daga 2016 zuwa 2022.

Sai dai kuma abin da ya zama ado ga wani, kaya ne ga wani. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 32 cikin 100 na mutanen Punjab ta Indiya suna cikin rukunonin da a da ake ƙyama. Da yawansu 'yan ƙwadago ne a gonakin da ba nasu ba, a ƙauyuka da dama ma wurin ibadarsu daban ne.

A ganinmu sanin asali ba laifi ba ne, gama shi ke tsare zumunci. Laifin shi ne a mai da shi ma'aunin mutum wajen aiki, ko shari'a, ko ibada. Canja suna abu ne na rana guda, amma muddin gona da mulki suna bin jini, sunan kaka ba zai daina yi wa waɗansu shamaki ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.