Zufa da kitso: ba zan daina motsa jiki saboda gashina ba

1/
Jiya wata ƙawata ta ce min ta daina fita tafiyar safe da muke yi. Na ce lafiya? Ta ce ƙalau, kitso ta yi ranar Asabar, ba za ta bari zufa ta lalata mata shi ba, sai ya tsufa tukuna. Na yi dariya, amma da na kwanta abin ya tsaya min a rai. Ku matso mu yi maganar nan. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/
Ban ga laifinta ba fa. Na san zaman. Awa uku kina gaban mai kitso, wuya ya ƙage, ta ja nan ta ja can, ki biya kuɗin da ranki bai so ba. Sannan wata ta zo ta ce ki fito ku yi gumi? Ai sai dai ki ce mata Allah ya ba da sa'a, a dawo lafiya.

3/
Amma ga ra'ayina, wadda za ta ji haushi ta ji: kitso na sati biyu ne, jikin nan kuwa da shi za ki tsufa. In dole sai ɗaya ya haƙura, kitso ne zai haƙura. Abin daɗin ma, na gano ba dole ba ne. Ana iya gumi kullum kai ya zauna lafiya.

4/
A Rijiyar Zaki nake, ina karatu a BUK. Bayan asuba mu uku muke fita, tafiya da sauri a gefen titin Gwarzo, mu nufi wajen Rimin Gata mu juyo kafin adaidaita su cika hanya. Ranar da ba a fita ba, tsallen igiya nake a tsakar gida, ƙannena na ƙirga min suna min tsiya.

5/
Watan farko ga yadda nake yi: in dawo sharkaf, in watsa ruwa a jiki, kai ko kallonsa ba na yi. In mayar da hular da na fita da ita, in zura hijabi, in ruga lakcar ƙarfe takwas. A watan Afrilu fa, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Haka kan nan zai wuni a rufe har magariba.

6/
Rannan muna cikin adaidaita ƙawata ta matso kunnena ta ce, "Ke, yaushe rabonki da wanke kai?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ƙaiƙayi da na jima ina dannewa, ga amosani yana zuba a kafaɗa. Na koma gida na ajiye takalmin fita. Wata biyu ban taɓa shi ba.

7/
Kakata ce ta fara lura. Ta ce, "Yau kuma 'yan gudun sun yi yaji?" Na ba ta labari. Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Mu da muka yi surfe da daka, muka yi roron gyaɗa a rana, muka ɗauko tulu daga rijiya, wa ya taɓa toshe hanci a gabanmu?"

8/
Sai ta ƙara da wadda ta fi min ciwo: "Ke kika rufe kai da lema kamar mai haɗa daddawa, sannan ki ce laifin gumi ne." Na rasa bakin magana. Duk wanda ya san yadda ake daddawa ya san sirrinta: ɗumi, danshi, a lulluɓe a bar ta. Abin da na yi wa kaina ke nan tsawon wata guda.

9/
Ta ce su a da, mace na gama aiki a cikin gida cikin 'yan uwanta mata za ta zame kallabi kai ya sha iska. In ya yi datti a jiƙa karkashi a wanke. In ya bushe a ɗan murza mai. Shi ke nan. Ba su da diraya, ba su da kwalabe goma a gaban madubi.

10/
Da na bincika sai na ga maganarta ce a littafi. Zufa galibinta ruwa ce da ɗan gishiri, ita kanta ba ta da wani wari. Ƙananan halittun da ke zaune a fatarmu ne ke samun wuri mai ɗumi da lema su hayayyafa, daga nan tsamin yake fitowa. Ki hana su lema, kin rage musu ƙarfi.

11/
Gishirin kuma in ya bushe ya taru, yana sa gashi ya yi ƙarfi ya dinga karyewa. Ga shi irin gashinmu mai murɗewa dama maiƙon fatar kai ba ya gangarawa har ƙarshen sili da sauƙi, shi ya sa yake saurin bushewa. Don haka sabulu kullum ma wata ɓarnar ce. Tsakiya ake nema.

12/
Kada ku zaci mu kaɗai ke wannan fama. A 2013 likitocin fata na jami'ar Wake Forest a Amurka sun wallafa bincike kan mata baƙar fata 103. Kusan huɗu cikin kowane goma sun ce akwai lokacin da suke ƙin motsa jiki saboda gashi. Ƙawata tana da 'yan uwa har ƙetaren teku.

13/
Tun 2011 ma Regina Benjamin, babbar likitar gwamnatin Amurka a lokacin, ta yi wannan jan hankalin a wani babban taron masu gyaran gashi. Abin da ke damunta bai wuce wanda ke cikin gidajenmu ba: hawan jini, ciwon suga, ƙiba. Wace ce a cikinmu ba ta da gwaggo ko inna mai shan maganin hawan jini?

14/
Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya yi aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 30 sau biyar ke nan. Yanzu ki lissafa: in duk kitso sabo sai kin ba shi hutun sati biyu, kuma kina kitso duk wata, rabin shekara kika zauna. Saboda layi ya fito tas.

15/
To ga abin da nake yi yanzu. Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce da ta sha kunya ta koyi darasi.

KAFIN FITA: kitson da zai bar fatar kai a buɗe. Manya zuwa baya, ko shuku mara matsi. Ƙananan nan masu kyau a hoto sun fi wuyar bushewa, kuma tsifarsu kaɗai za ta sa ki ɗage wankin kai.

16/
Maganar matsi kuma a kula. In an gama miki kitso ba kya iya ɗaga gira, ko ƙananan ƙuraje suka feso a bakin goshi, ya yi tsauri. Jan nan na yau da gobe shi ke cinye gashin gaba. Da wuri in an sassauta yana dawowa, in aka daɗe kuwa tushen ya mutu, ba man da zai tsiro da shi.

17/
Ki buɗe baki ki ce, "Anti, a sassauta hannu don Allah." Ba rashin kunya ba ne, kanki ne. Kuma kada ki ƙara da ɗaure jelar da ribom tamau kina tsalle. Ja a kan ja ke nan.

18/
Kada ki labta mai kafin ki fita. Mai da zufa da ƙurar titi in suka haɗu, taɓo suke zama a fatar kai. A hunturu abin ya fi muni, ƙura har cikin layin kitso take kwanciya. In kuma rilaksa za ki saka, ranar ki huta da gumi da susa, fatar da aka sosa ita ce ke ƙonewa.

19/
LOKACIN MOTSA JIKI: hula daban, hijabi daban. Ina da huluna uku na auduga, na fita kawai. Hijabin ma mara nauyi, mai shan iska. Auduga tana tsotse zufa amma tana riƙe ta, shi ya sa da na shigo gida take barin kaina ta faɗa bokitin wanki. Ba a maimaita ta sai an wanke ta bushe.

20/
BAYAN AN DAWO: nan ne duk maganar take. Ina shiga ɗaki nake buɗe kai. In sa tawul mai tsafta in dinga dannawa layi-layi, ba gurzawa ba. In zufar ta yi yawa sai in jiƙa tsumma da ruwa zalla in bi fatar in goge gishirin. Sannan in bar shi a buɗe yayin da nake karyawa da shiri.

21/
In akwai wuta, fanka. In babu, kun san halin, mafici yana nan. Minti 15 zuwa 20 ya ishi manyan kitso su sha iska. Gwajina ɗaya ne: in tura yatsa tsakiyar kai da ƙeya. In na ji sanyin lema, hula ba za ta hau ba tukuna. Saboda wannan na matsar da fitata baya da minti 20.

22/
Wankin gaske sau ɗaya a sati, da kitson a kai, ba sai na tsefe ba. In tsarma shamfu ko sabulun salo da ruwa a 'yar roba, in zuba a layukan, in murza da tafin yatsu ba farce ba, in ɗauraye sosai. Ranar da ba ni da lakca nake yi, da hantsi, don ya bushe kafin dare. Kwana da jiƙaƙƙen kitso ba kyau.

23/
Ranar tsifa kuwa karkashin kakata. Yauƙinsa yana warware gashi, mataji ya wuce ba tare da rabin gashin ya biyo shi ba. Abin dariya, ganyen nan ne ake tallatawa a intanet da sunan ambunu na Chadi, a cikin leda mai ƙyalli. Mu da muke miya da shi muna raina shi.

24/
Mai kuma a jikin gashi ake so, kaɗan, yana da ɗan danshi. Man kaɗe ko na kwakwa ya wadatar. Mai amosani ta yi hattara da cika shi a fatar kai, domin naman gwarin da ke da hannu a amosani, Malassezia, maiƙo yake ci. Ni da nake ƙara mai don ƙaiƙayi ya lafa, ashe abinci nake kai masa.

25/
Na san me wasu za su ce: "Ke kina da ruwa ne." Gaskiya ne, a unguwanninmu da yawa sai an jira mai kura, kuma kowace jarka da lissafinta. Amma duba tsarin da kyau. Na kullum bai wuce kofi ɗaya da tsumma ba. Iska ce ke yin yawancin aikin, ita kuma har yau ba a fara sayar da ita ba.

26/
Wasu kuma za su ce kitson zai tsufa da wuri. E, zai ɗan yi gashi-gashi kafin na wadda ba ta gumi. Na yarda, na kuma amince da cinikin. Ɗaura ɗankwali mai santsi da daddare yana rage hakan. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kitson da ke ƙarƙashin hijabi daga safe zuwa yamma, mutum nawa ne suka ga layinsa?

27/
Samari kuna karantawa kuna dariya ko? Ku matso. Kai da kake tashi daga filin ƙwallo ka kifa hula a jiƙaƙƙen kai ka wuce majalisa, daddawarka ta fi tawa nuna. Ka wanke kan, gashinka gajere ne, minti biyu ne. Hular ma tana son wanki, ba sai sallah ba.

28/
Kuma a daina aron mataji, buroshi da hula a fili. Ta nan makero ke yawo, musamman tsakanin yara. Wajen aski ma ka tabbatar an tsaftace injin a gabanka. In ƙuraje masu tauri suka fara fito maka a ƙeya, ka daina ƙwalƙwal a wurin, ka je a duba tun suna ƙanana.

29/
Akwai inda dabarar gida take tsayawa. Amosanin da ya ƙi ji, akwai shamfu mai ketoconazole a kemis, ana barinsa 'yan mintuna kafin a ɗauraye. Amma in kika ga gashi na zubewa wuri guda kamar kwabo, ko ƙurji mai ruwa, ko ciwo, likitan fata za ki nema. Ba haɗin da aka gani a TikTok ba.

30/
Abu na ƙarshe, ga masu ƙawaye. In kin ji wani abu a kan ƙawarki, ki ja ta gefe kamar yadda tawa ta yi. Na ji zafi ranar, amma da a cikin aji ta faɗa da ƙila har yau ban koma fita ba. Da yawa 'yan mata kunyar wari ce ta zaunar da su, ba lalaci ba.

31/
Ita kuma mai sabon kitson na tura mata saƙo: gobe bayan asuba ina ƙofar gidanku, na taho miki da hula ɗaya cikin nawa. Ta turo min fuskar kuka. Za mu gani.

Ku kuma fa? Me kuke yi da kai bayan gumi, musamman masu dogon gashi da masu zaman hostal? Ku ajiye a ƙasa, ina karantawa.