Kafin a sayar da jeren kaka ga mai awon kilo

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman farantan gilas masu ƙafa, irin waɗanda ake ɗora kek a kai ranar biki. Kayan masu ƙaramin ƙarfi ne tun asali. A shekarun 1820 aka fara zuba narkakken gilas a mazubi ana danne shi da inji a Amurka, don talaka ma ya samu abin da ya yi kama da na masu kuɗi. Yau jikokin waɗanda suka saye su da araha suna juya gindinsu, suna duba zane, suna rubuta sunan masana'anta da shekara.

Mu ma muna da namu, a ɗakunan iyayenmu mata daga Tasawa zuwa Maijirgi, daga Mayayi zuwa Kanambakashe: jere. Akushi, tasa, ƙoren da aka yi wa zane, langa, fanteka, samira, sannan tangaran da gilas. Sai dai mu ba ma juya gindin komi. Tsohuwa na rasuwa, a raba gado, abin da ya yi tsatsa a ba masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora a kilo, sauran a mai da shi kwanon ba kaji ruwa. Ra'ayina shi ne wannan asara ce, kuma malamai da iyaye su ne za su iya tsayar da ita ba tare da kashe ko dala ba.

Jere tarihi ne da aka jera a bango. Ƙwarya da akushi na zamanin da komi daga gona da daji yake fitowa. Kwanon fenti ya yawaita ne lokacin da gyaɗa ta kawo kuɗi jihar Maraɗi a shekarun 1950 da 1960, manoma suka samu abin sayen kayan kanti, fatake kuma suna hauro da kaya daga Kano da Katsina. Bayan fari na 1973 da 1974 kasuwar gyaɗa ta faɗi. Daga baya kuloli da roba suka kori kwano daga bango. Yaron da ya iya karanta ɗakin kakarsa ya karanta tattalin arzikin yankinsa na shekara saba'in, kuma da hannunsa ya taɓa shi.

Gane tsohon kaya kuwa ba ya bukatar digiri. A kifa kwano a duba hatimin gindinsa. In an ga sunan Czechoslovakia, an san an ƙera shi kafin 1993, domin a ƙarshen 1992 ƙasar ta rabu biyu. In an ga West Germany, tsakanin 1949 da 1990 ne. Wasu na ɗauke da sunan Hong Kong, wasu China, wasu Najeriya. A kawo mayen ƙarfe: zai kama langa domin ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, amma ba zai kama tasar gaske ta tagulla ba. In ya kama abin da aka ce tasa ce, to ruwan tagulla kawai aka yi wa ƙarfe. Tasar da maƙeri ya buga da hannu tana nuna sawun guduma, zanenta kuma ba ya zama daidai wa daida ko'ina.

Gilas ma yana da alamominsa. A bi jikinsa da yatsa: wanda aka danna a mazubi yana da siririn layi inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, zanensa kuma ba shi da kaifi kamar na wanda aka sassaƙa. Gindin da ya daɗe ana ajiyewa ana ɗauka yakan yi ƙuje-ƙuje marasa tsari. Sabon da aka kwaikwaya sumul yake. Kofin da ke da sunan Duralex na Faransa ne, kuma a 1945 sunan ya fito, don haka ba zai girmi wannan shekara ba ko da mai sayarwa ya rantse.

Na san abin da wasu za su ce: mutumin da ke lissafin tiyar hatsi ina ruwansa da hatimin kwano? Maganar tana da nauyi. Jere dama asusun mace ne, dukiyarta ta kanta da miji ba shi da iko a kai. A shekarun yunwa irin 1984 da 2005, da kayan ɗaki da awaki mata da yawa suka ciyar da gida. Ba wanda ya isa ya zargi uwar da ta sayar da tasarta don ƴaƴanta su ci. Amma akwai bambanci tsakanin wadda ta sayar tana sane da abin da ke hannunta, da magadan da suka zubar don ba su sani ba. Mai saye a kilo nauyi yake biya, ba aiki ko shekaru ba. Kuma kada kowa ya ɗauka arziki ne ke ɓoye a ƙarƙashin gado: yawancin kwanukan nan ba za su yi tsada ba. Darajarsu tana ga labarin da ke tare da su, shi kuwa labarin yana tafiya ne ranar da mai shi ta tafi.

Ga abin da malami zai iya yi a mako guda. Kowane ɗalibi ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa da tambayoyi biyar: mene ne sunan wannan abu, wa ya saya, a wace kasuwa, a auren wa, me ake zubawa a ciki? Ya zana shi a littafi, ya kwafe rubutun gindinsa. Kada a ce yara su kawo kayan makaranta, don kada a fasa ko a ɓatar a jawo rigima. A aji sai a nemo ƙasashen a taswira, a lissafa shekarun, a rubuta sunayen da Hausa. Darasin tarihi, labarin ƙasa, lissafi da harshe ke nan a aiki ɗaya. Yaran da yau ba su bambance langa da fanteka za su fita da kalmomin da suka kusa ɓacewa.

Iyaye kuma, in an zo rabon gado ko gyaran ɗaki, a ware ko abu ɗaya daga kowane iri. A ɗauki hotonsa da waya, a rubuta sunan mai shi a takarda a saka ciki. Kada a goge shi da yashi ko toka, ruwa da sabulu da tsumma sun isa. Kwanon da fentinsa ya ɓantare, da tasar da ta yi kore, a daina cin abinci a ciki, musamman mai tsami. A bar su su zama na kallo. In za a aurar da yarinya, a sa mata abu ɗaya na kakarta cikin kayanta, a gaya mata labarinsa. Bai ƙara wa uba ko sisi a kan nauyin kayan ɗaki ba.

Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ba zai iya adana ɗakin kowace tsohuwa ta Urafan ko Isawan ba, kuma yawancin yaranmu ba za su je can ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Malamin da ke neman aikin da zai ba ɗalibai a hutun nan, ya tura su ɗakin kaka tun tana nan tana iya ba da amsa.