Gyaran Modul Ɗin Amfilifayar Jita: Kunne Za A Bi Ko Suna?

Maƙalarmu ta wannan mako ta leƙa wata sana'a ce da ba kasafai ake rubutu a kanta da Hausa ba, wato ta masu buɗe cikin amfilifayar jita suna sauya mata murya.

Amfilifayar jita kashi biyu ce. Sashen farko shi ke karɓar ɗan siririn sautin da ya fito daga jita, ya ɗaga shi, ya ba shi launi. Sashe na biyu kuma ya ba shi ƙarfin da zai girgiza sifika. Wani maƙerin amfilifaya a Amurka, Bruce Egnater, ya fito da dabarar mayar da sashen farko ɗan akwati da ake zarewa a soka wani, kamar kaset. Shi ake kira modul. Kamfanin Randall ya yi ta sayar da tsarin da sunan MTS: RM100 tana ɗaukar modul uku, RM4 huɗu, kowanne da ƙwayayen bawul biyu samfurin 12AX7. Sunayensu ma sun nuna inda aka dosa: Blackface don muryar Fender, Plexi don ta Marshall, Top Boost don ta Vox.

Ba a daɗe ba masu gyara suka shiga ciki da ƙarfen narka dalma. Mu dai muna tare da su, domin tarihin sana'ar kansa gyara ne. Amfilifayar farko ta Jim Marshall a Landan, JTM45 ta 1962, daga tsarin Bassman ta Fender aka ɗauko ta. Mesa/Boogie kuwa ta samo asali ne lokacin da Randall Smith ya cusa wa 'yar ƙaramar Fender Princeton kayan babbar amfilifaya a ƙarshen shekarun 1960. (Wannan Randall ɗin daban, kamfanin Randall daban, kada a rikice.) Wanda ya ce taɓa cikin modul ɓarna ce, sai ya fara da waɗannan.

Kuma gyaran yana aiki, ba rufa-ido ba ne. A ƙarƙashin bawul na farko, Fender ta saba sa rezisto mai ohm 1,500 da kafasita mai maikurofarad 25, sai sauti mai kauri ya wuce gaba ɗayansa. Marshall a Super Lead ta sa ohm 2,700 da maikurofarad 0.68, sai kaurin ya ragu, sautin ya tsuke ya yi kaifi. Kaya biyu ne da ba su kai kan ɗan yatsa girma ba, amma makaɗi zai ji bambancin tun daga tsirkiyar farko.

Inda muka raba gari da wasu masu gyaran shi ne alƙawarin da suke yi, cewa modul ɗinka zai koma Marshall ta 1968 sak. Ba zai koma ba. Waccan amfilifaya ba ta da maɓallin rage ƙara na ƙarshe, don haka gurnaninta daga sashe na biyu yake fitowa, lokacin da aka ƙure bawul ɗin EL34, ga taransifomarta, ga akwatin sifika huɗu na Celestion. Vox AC30 ma haka, rabin muryarta tana cikin bawul ɗin EL84 guda huɗu da yadda aka ɗaura su. Modul bai taɓa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Duk wanda ka soka, sashen ƙarfi ɗaya zai bi, sifika ɗaya zai fita. Ko kamfanin Synergy, da ya zo daga baya yana ƙera modul tare da masu sunan kansu irin su Friedman da Soldano, sashen farko kawai yake sayarwa a cikin ɗan akwatin. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi, makaɗi ya je wa mai gyara da matsalar da kunnensa ya ji. Sautin yana caɓewa in an ƙara wuta? A rage kafasitar da ke haɗa bawul da bawul. Yana soke kunne in ƙarar tana ƙasa? A duba 'yar kafasitar da ke kan maɓallin ƙara. A sauya abu ɗaya, a kaɗa, a saurara, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya goma lokaci guda bai san wanne ya gyara ba, bai san wanne ya ɓata ba.

Sai haƙƙi biyu da muke ganin suna wuyan mai gyara. Ya rubuta duk abin da ya cire da abin da ya sa, ya mayar wa mai kaya tsofaffin a 'yar leda, domin modul da ba a san me ke cikinsa ba wuyar gyara gare shi, wuyar sayarwa gare shi. Sannan ya gaya wa mai sha'awar gwadawa a gida gaskiya: allon modul siriri ne, zafin dalma in ya yi yawa yana ɗaye hanyoyin tagullar da ke kansa, kuma cikin amfilifayar akwai wuta sama da bolt 300 da kan zauna a manyan kafasitoci ko bayan an zare soket.