Gawayi, ƙaro da jar ƙasa: mi ya hana a koyar da zane a kolej da lise?

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya bi ta lakwal a ƙasar nan ya san matsayin zane. A firamare mushe yakan ce a zana tukunya ko raƙumi. Da an shiga kolej, shi ke nan, an girma. A mafi yawan makarantun gwamnati ba malamin zane, ba kayan aiki, hankalin kowa yana kan darussan da ke ɗaga maki a birbe da bak. Yaron da aka kama yana zane a bayan kayensa, faɗa zai sha, a ce yana ɓata takarda da lokaci.

Matsayinmu shi ne: a koyar da zane a kolej da lise, da malaminsa, da lokacinsa, da makinsa. Mun san amsar da za a fara jefo mana: "Ina kuɗin? Yara na karatu cikin rumfunan zana, ku kuna maganar fenti?" Gaskiya ne, kuma ba mu manta da gobarar da ta ci rayukan yara cikin irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021 ba. Gina aji yana gaba da komi. Amma wanda ya ce darasin zane sai da kwalin fenti daga Faransa, bai leƙa kasuwar garinsu ba.

Mu lissafa. Gawayin zane: a samu siraran rassan itace, a ɓare su, a cika gwangwanin madara da su, a rufe, a huda murfin kaɗan, a sa cikin wuta har hayaƙi ya daina fita. In ya huce, ga abin zanen aji guda. Fenti: a daka jar ƙasa ko farar ƙasa, a jiƙa, a bari yashi ya kwanta, a tsiyaye mai laushin, a gauraya da ruwan ƙaro. Kar wani ya raina, fentin ruwa da ake shigowa da shi da tsada, ƙaro ne ke riƙe launinsa, ƙaron nan da ke fita jikin itatuwanmu. Almajirai sun daɗe suna haɗa tawada da shi, suna fiƙe alƙalami na kara. Baba na ba da shuɗi, gangamau na ba da ruwan ɗorawa, karan dafi na ba da ja. Takardar buhun siminti na karɓar gawayi lafiya lau. Kwampa da regil kuwa, suna cikin jakar kowane ɗan kolej saboda darasin lissafi. Da jika kaɗan aji zai soma aiki.

To mi za a koyar? Ginshiƙan zane ba su da yawa: layi, siffa, launi, haske da inuwa, daidaito, maimaici, da filin da ake bari ba a taɓa ba. Kowannensu akwai littafinsa a kan titi. A kai ɗalibai unguwar Birni a Damagaram su tsaya gaban gidajen da magina suka yi wa ado, su nemo layin da ya raba zanen biyu, dama ta yi daidai da hagu. Abin da malamin lissafi ke fama da shi a kan allo ke nan, ga shi a jikin bango. A shimfiɗa babbar riga mai aska takwas, a tambaye su mi ya sa aikin ya taru a ƙirji ya bar sauran rigar fili, kuma ina ido ya fara sauka. A aje tulun Mirya bakin ƙofa, a zana shi da safe, a sake zana shi da la'asar, su ga yadda inuwa ke mai da da'ira ta zama abu mai ciki. A ba su ja da ruwan ɗorawa da shuɗi kaɗai, a ce su fitar da ruwan goro da tsanwa na tutar Nijar. Wanda ya haɗa da hannunsa ba zai manta ba.

Yanzu batun abinci, tunda shi iyaye ke tambaya. Ku dubi allunan shaguna da takardun tallar da muke tura wa juna a WhatsApp: launi bakwai, rubutu kala biyar, ba a san inda za a fara karatu ba. Mai waya yana da Canva, amma waya ba ta koya ma mutum cewa abu mafi muhimmanci shi ake girmamawa, launi biyu sun isa, rubutu mai duhu yana son bango mai haske. Mata masu kilishi, ƙuli-ƙuli da garin zogale suna buƙatar tambari da kwalin da zai sa kayansu su tsaya kusa da na waje ba kunya. Tela, kafinta, mai walda, magini, dukansu da zane suke fara aiki, ko a takarda ko a ka. Wanda ya iya zana abin da ke ransa, ya rage asarar yadi da ƙarfe da siminti, kuma mai kaya ya ga abin da zai biya tun kafin a yanka.

Ƙasar nan ta sha nuna abin da hannu ke iyawa. A Dabous, cikin jihar Agadez, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya haura mita 5. A Yaama, jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma ginin masallacin ƙasa a 1962, a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan. Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa, da zanen hannunsa ya yi fim ɗin "Bon voyage Sim" a 1966, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka. Alphadi ya buɗe FIMA a Tigidit a 1998. Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi. Tambayar ita ce: irinsu nawa ne ke zaune yau a bencin baya, ana kiransu daƙiƙai don lissafi ya ba su kashi?

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, game da zana abu mai rai. Ba mu raina wannan damuwa ba. Amma zayyanar allon sauka, adon bangon masallaci, dagi, aikin hula, rubutun ajami mai kyau, tsarin gida, duka zane ne, kuma sun isa su cika shekaru ana koyo. Malami mai hankali zai iya tsara darasinsa ba tare da ya shiga haƙƙin kowa ba.

Ga abin da muke nema. Na ɗaya, ma'aikatar ilimi ta tabbatar da aƙalla awa guda a mako a kowane aji, da makin da ke shiga sakamakon ɗalibi, don darasin da ba maki kowa ya san ƙarshensa. Na biyu, a horar da malamai, kuma kafin su wadata a ɗauko dukawa, masaƙa, maƙera da magina su shigo aji. Suna nan a Wadata, suna nan a gidan tarihi na Boubou Hama, suna nan a kowace kasuwa. A biya su haƙƙinsu, kar a sallame su da "Allah ya saka". Da yawansu sun manyanta, ƴaƴansu sun kama wasu hanyoyi, in suka tafi da iliminsu ba inda za mu saye shi. Na uku, kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye su ware ɗan abin da zai sayi ƙaro da takarda, su ba da bango guda na makaranta inda za a riƙa nuna aikin yara a ƙarshen shekara.

Mu ma da namu. Kai da ka iya zane, ke da kika iya lalle ko tsara tufafi, ku koma tsohuwar makarantarku ku nemi izinin darekta, ku tara yara goma ranar Asabar. Ku ɗauki hoton abin da suka yi ku turo mana, za mu wallafa. In kuma kana da ƙane ko ƙanwa mai cika bayan kaye da zane, kar ka ƙwace. Saya mashi wani kayen, ka tambaye shi mi ya zana.