Naƙuda Ba Ta Jiran A Buɗe Kasuwa

Maigida, matso kusa, domin da kai ma muke.

Da wuya a sami magidanci a Kano da ya manta da ragon suna. Tun ciki yana wata shida ake cigiyarsa. Amma sai ka ga an kawo mai naƙuda nan Asibitin Nasarawa da tsakar dare, babu audugar mata, babu zani mai tsabta, katin awon ma an baro shi a gida. A ganina wannan sa kai ne cikin hatsari, ko da an kira shi kunya ko gudun camfin sayen kayan jariri kafin ya zo duniya.

Ranar da aka rubuta miki a katin awo ƙiyasi ce kawai. Daga mako na 37 haihuwa na iya zuwa kowane lokaci, wani lokacin ma kafin nan. Kuma gari ba kullum yake a buɗe ba. Mun ga kullen korona a watan Afrilun 2020. Mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a banki amma na adaidaita sahu ya gagare shi. A ranar 1 ga Agustan 2024 kuma aka kafa dokar hana fita ta awa 24. A irin waɗannan ranaku Kantin Kwari da Singa ba za su amfane ki ba, sai abin da kika ajiye a ɗaka.

Don haka kafin ciki ya shiga wata takwas, haɗa jakarki: audugar mata, zannuwa wankakku, kayan jariri har da hula, sabulu, tocila, da man chlorhexidine na shafa wa cibiya. Ki sa katin awo a sama. Maganin ƙarin jini kuwa, kada ki bari sai ya ƙare kafin ki karɓo wani. In da yara a gidan, ajiye garin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa.

Maigida, naka shi ne tsabar kuɗi a hannu waɗanda ba a taɓawa, da mai a mota ko lambar direban da zai amsa waya da dare. Ka kuma shirya ɗan'uwan da zai ba da jini, domin zubar jini bayan haihuwa na iya halaka mace cikin awa biyu. Ka ba ta izinin tafiya asibiti tun yanzu, ko kana gari ko ba ka nan.

Amma ba kowane abu ake tarawa ba. Kada a sayo allurar naƙuda daga kemis a ajiye. Zafi yana lalata ta, kuma yin ta a gida na iya fasa mahaifa. In kin zo awo na gaba, tambayi ungozoma ta faɗa miki sauran kayan da ɗakin haihuwa ke buƙata.